Ganyen Faransa da Irin Waken Gwaggo

Gwaggo, yayar mahaifina, ita ta riƙe ni tun ina 'yar shekara huɗu. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ya ba ta ni, kuma in ka ji yadda take ba da labarina za ka rantse jarrabawa ce aka ɗora mata. Gidanmu yana Jibiya, ta ɓangaren hanyar Magama, inda manyan motoci kan yi layi suna jiran a sallame su su ƙetara. Da ƙarar injinsu na girma, har ya zama ba na jin ta sai baƙo ya yi ƙorafi.

A kusurwar ɗakin Gwaggo akwai wani tsohon tulu da ba a taɓa zuba masa ruwa ba. Irin wake ake ajiyewa a ciki. Wani farin wake ne ƙanana mai baƙin ido, yana nuna da wuri, kuma in aka yi alala da shi ba a buƙatar a yi maka tayi sau biyu. Daga wurin mahaifiyarta ta gaje shi, ita ma daga wurin tata. A gidansu al'ada ce uwa ta ƙulle wa 'yarta irin a gefen zane ranar da za ta fara noman gayaunarta. Sauran matan dangi sun daɗe da komawa irin kasuwa, saboda haka abin da ke cikin tulun nan shi ne kaɗai ya rage a duniya. In ƙwaro ya cinye shi kafin damina, ya ƙare ke nan.

Kowace kaka, in an gama roro an sussuke, Gwaggo takan zauna da faifai ta zaɓi masu kyau ɗaya bayan ɗaya. Ta gauraya su da toka, ta shimfiɗa busasshiyar ɗoɗɗoya a gindin tulu, ta zuba wake, ta sake shimfiɗa ganye, haka har baki, sannan ta liƙe da laka. Ganyen ba na garinmu ba ne. Wata ƙawarta ta ƙuruciya ce ke aiko da shi, wadda aka aurar wani ƙauye bayan iyaka ta hanyar Maraɗi. Ni Inna nake ce mata. Tsofaffin wajenmu har yau Faransa suke ce wa can, don haka sunan abin a gidanmu ganyen Faransa.

Na tafi jami'a na karanci ƙwari. Gwaggo ba ta taɓa yafe mini wannan ba. In maƙwabta suka tambaya takan ce, "Ɗiyan mutane na can sun zama likitoci, tawa kuwa tana bin ƙwaro da madubi." Amma na lura duk lokacin da na zo hutu sai ta ja ni da hira har ta kai ni ga aikina.

Wata rana tana tsintar wake, wani ƙwaro ya fito yana tafiya a kan faifai yana kaɗa 'yan ƙahonninsa guda biyu masu kama da zare. Na ce mata waɗannan su ne hancinsa. Na ce in ka sa su a madubi mai ƙara girma za ka ga sun cika da gashi ƙanana, kowane gashi da 'yan ƙofofi a jikinsa, cikinsa kuma ruwa ne. Shi ƙamshin tsiro dangin mai ne, ba ya shiga ruwa ta daɗi. To a cikin ruwan akwai wasu sinadarai da ake kira furotin da aikinsu ke nan, su tarbi ƙwayar ƙamshi a bakin ƙofa, su rungume ta, su ƙetarar da ita zuwa ga jijiya. Jijiyar ce ke kai labari cewa ga abinci nan, ko ga wurin yin ƙwai, ko kuwa a gudu. Kuma kowane furotin akwai irin kayan da ya fi ɗauka.

Ta tsaya da tsintar ta dube ni. "Ashe su ma 'yan fito gare su? Kamar masu ƙetarar da mutane gulbi da damana?"

Na ce daidai ke nan. Na ƙara da cewa in muka gane ƙamshin da ke jawo ƙwaro da wanda ke korar sa, sai a yi masa tarko da na farko, a tsare abinci da na biyu, ba sai an zuba guba a kan abin da za a ci ba. Wannan ya yi mata daɗi, don ta tsani ƙwayar maganin da 'yan kasuwa ke jefawa cikin buhu. Ta ce abin da ake toshe hanci a taɓa shi ba zai kwana ɗakinta ba. Daga nan ta murƙushe ƙwaron da farce, da shi da 'yan fitonsa.

Shekarar da nake ba da labari, na iso gida wake yana shanye a tsakar gida, amma fuskar Gwaggo ba walwala. Ɗan kabu-kabun da ya saba kawo ganyen ya zo hannu rabbana, sai saƙon gaisuwa. Gwiwoyin Inna sun kumbura, ba ta iya fita tsinko ba.

Gwaggo ta ce, "Gobe ki tahi ki gaishe ta, ki tsinko mani da hannunki. Ba nisa."

Na ce, "Haba Gwaggo! Ɗoɗɗoya fa ce. Ga ta nan cike da fadama ta wajen Gangara. Tsiro ɗaya ne, suna ɗaya. Ƙwaro bai san iyaka ba, ba shi da katin shaida."

"Na Hwaransa nika so."

"Camfi ne kawai."

Ta ci gaba da juya wakenta. Ni kuwa a lokacin kaina ya yi girma, ina ganin ba wanda zai koya mini ƙamshi. Washegari na tafi fadama na ciko buhu. Na baza ganyen a kan rufin kwano, yadda muke shanya kuɓewa da tattasai, rana ta gasa shi kwana uku har ya yi rumus. Na kawo mata da alfahari. Ta ɗebi kaɗan ta murza a tafin hannu, ta kai hanci, ta daɗe tana shaƙa.

"Wanga ganye ya mutu. Bai cewa komi."

Na shaƙa ni ma. Akwai ɗan ƙamshi mana, kuma na nace a kan haka da ƙarfi fiye da yadda ƙamshin ya cancanta. Muka yi ta ja-in-ja har na fusata na ce to mu bar wa masu abin su yanke hukunci. Ta ce su wa? Na ce ƙwarin.

A wurin aikinmu muna da wani gilashi mai reshe biyu da muke gwada irin wannan. A Jibiya babu shi, sai na sayo sabon tiyo mai haske irin wanda magina ke awo da shi, na yanka, na haɗa shi ya yi reshe biyu, na liƙe mahaɗar da kyandir. Kowane reshe na sa masa gorar roba a ƙarshe, na huda gindinta don iska ta ratsa. Saura ƙwari. Na shiga gidan maƙwabciyarmu mai ƙosai na roƙi ta sam mini daga nata. Ta ce wa ya gaya mini wakenta yana da ƙwaro? Sai da na rantse ba wanda ya gaya mini, sannan ta shiga ta fito da su cike da murfin kwano, ta kuma biyo ni don ta ga abin da za a yi da dukiyarta.

Kafin in gama shiri, matan unguwa sun cika inuwar bedin tsakar gidanmu. Gwaggo ta sanar da su cewa yau kotu za a yi, ita da Malama, alƙalai kuma ga su nan cikin murfin kwano. Ita na ba mafici ta riƙa fifita gorunan a hankali don ƙamshi ya gangaro.

Gora ɗaya na zuba wake zalla, ɗayar wake da ganyena. Na saki ƙwarin ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya taho yana kaɗa ƙaho, ya iso mararraba, ya ɗan tsaya. Wannan ya yi dama, wancan ya yi hagu. Wasu suka shige gorar ganyena kai tsaye, har wani ya hau kan ganyen ya zauna yana gyara fukafuki. Mai ƙosai ta ce, "Wanga kam ya samu katihwa." Aka kwashe da dariya. Na ce iska ce ba ta tafiya daidai. Gwaggo ta miƙo mini maficin ta ce in yi da kaina. Na yi, ba abin da ya canza.

Sai ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da wani gwangwanin madara mai murfi. Ashe ta rage ɗan ganyen bara a ciki, bai fi cikin tafin hannu ba. Tana buɗe murfin ƙamshi ya bugi kowa, mai yaji, mai sanyi, har cikin ido. Na wanke tiyon, na shanya, na sake shiri da nata ganyen.

Ƙwaro na farko ya iso mararraba ya karkata wajen ganyen Faransa. Ya ɗaga ƙahonni sama, ya tsaya cik, sai ya juya ya bi ɗaya reshen da sauri. Na biyu ma haka. Na uku bai ma ƙarasa mararrabar ba ya koma inda ya fito. Akwai 'yan taurin kai da suka kutsa, don ko cikin ƙwari ba a rasa irina, amma mafi yawansu sun ƙi. Gwaggo ta ajiye mafici ta rangaɗa guɗa, irin wadda ban ji ta yi ba tun bikin ƙanwata. Mata suka kama tafi.

Na ji kunya, ba zan ɓoye ba. Amma a ƙarƙashin kunyar wani daɗi ne ya cika ni, don abin da na yi shekaru ina karantawa a takarda ga shi yana faruwa a tsakar gidanmu, cikin tiyon magina. Na duƙa ina kallon ƙahonnin nan suna rawa, ina raya 'yan fiton da ke ciki suna ta jigila, har na manta ni aka kayar.

Murnar ba ta daɗe ba. Da yamma Gwaggo ta kira ni ta nuna mini wake a tafin hannunta. A jikin wasu akwai ɗigo-ɗigo farare kamar an yayyafa gishiri. Ƙwai ne. Kwanakin da na ɓata ina gardama, ƙwaro bai ɓata su ba. Ganyen gwangwani kuma ko gindin tulu ba zai rufe ba. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce kawai, "Ga hannuna za shi ƙare, ashe."

Da sassafe na hau kabu-kabu. A bakin iyaka na sauka na nuna katina, na taka 'yar tafiyar da ke tsakanin namu da nasu, na hau wani mashin ɗin. Na iske Inna zaune a ƙofar ɗakinta ta miƙe ƙafafu, an shafa musu man kaɗanya. Bayan doguwar gaisuwa, da tambayar mutan gida ɗaya bayan ɗaya har da awaki, na ba ta labari duka. Da na kai wurin rufin kwano sai ta dafa ƙirji.

"Bisa kwano? Cikin rana? Ke ɗiyar ga, kuɓewa kika ɗauke ta?"

Ta yi dariya har hawaye, ta kira abokiyar hirarta, wata tsohuwa maƙwabciyarta, ta sa na maimaita. Sannan ta ce in leƙa ɗakinta in ɗaga kai. Ɗakin duhu ne da sanyi, kuma a jikin azara ga 'yan dammuna biyu na ɗoɗɗoya rataye kai ƙasa, ragowar abin da ta iya tsinkowa a bayan gida. Ganyen ya bushe amma yana nan kore shar. Nawa kuwa launin ƙasa ya koma.

Ta ce, "Da sahe aka tsinkar ta, in raɓa ta ɗauke, rana ba ta yi zahi ba. Wadda ta yi hure za ki zaɓa. Ki rataye cikin ɗaki, kar rana ta gan ta. Kuma ba a murza ta sai ranar da za a zuba. Rana ta wake ce, inuwa ta ganye."

Na zauna a bakin ƙofa na riƙe kai. Na san wannan! Na san man da ke ba ganye ƙamshi zafi ke korar sa, na rubuta shi a jarrabawa, na ci maki. Amma da na zo gida hannuna ya yi abin da ya saba gani, ya kai ganye inda ake kai duk abin shanya. 'Yan fiton ƙwaro sun fito bakin ƙofa ba su sami kayan ɗauka ba, don rana ta riga ta kwashe. Gwaggo ita ma ba ta san sirrin ba, tunda duk tsawon shekarun nan a bushe yake iso mata.

Na tambayi Inna ko dai ƙasarsu ce ta fi ba ganyen ƙarfi. Ta dube ni kamar na yi saɓo.

"Wace ƙasa? Daga bayan ɗakin kakarki na ɗebo ɗiyanta, nan Jibiya, ranar da anka kawo ni garin ga. Ina kuka, ta ƙulle mani su ta ce in shuka in riƙa tuna gida. Gwaggonki ta mance ne."

Ta ba ni dammunan nan biyu, ta ƙi barin ko ɗaya. A hanyar dawowa wani ma'aikacin duwan, wato kwastan na can, ya tambayi abin da ke cikin ƙullina. Na kwance masa. Ya kai hanci don ya tabbatar, sai na ga ya lumshe ido. Ya ce ɗakin kakarsa ya tuna, can wani gari mai nisa. Ya ɗaure mini ƙullin da kansa ya ce in gai da tsohuwa.

Na iske Gwaggo ta baza waken a kan kwano, a daidai inda na kashe ganyena, rana tana dukan sa. Ta riga ta tsince masu ɗigo ta zubar wa kaji. Na ba ta saƙon Inna kalma da kalma. Da na kai zancen bayan ɗakin kaka sai ta yi tsaki ta ce ƙarya ce, tsufa ne ya kama ƙawarta. Can kuma ta ce lallai akwai ɗoɗɗoya a wurin, kusa da randa. Ta juya mini baya tana gyara waken da ba ya buƙatar gyara.

Dammuna biyu ba su isa ba, don haka washegari da hantsi na koma fadamar Gangara na zaɓo mai fure, na rataye a ɗakin Gwaggo. Kwana shida muna kwana cikin ƙamshi, sauro ma ya yi mana hutu. Wake kuma kullum yana shan rana. Ranar zubawa na sake kafa kotu, ba 'yan kallo sai mu biyu, ƙwarin suka juya wa ganyen Gangara baya kamar yadda suka yi wa na ƙetare. Na dubi Gwaggo ina jiran ta ce wani abu. Ta ce, "To, ya koyi Hwaransanci." Har yau ganyen Faransa take ce masa.

Muka zuba tare, toka da ganye da wake, ta liƙe baki da laka. A matsayina na mai binciken ƙwari dole in faɗi gaskiya, ganye shi kaɗai ba ya wannan aiki. Rana ta kashe na ciki, toka ta toshe musu hanya, laka ta hana iska, ganye ya kori masu zuwa. Na faɗa mata haka, ta ce ita ma ba da gishiri kaɗai take miya ba.

Na koma bakin aiki, amma duk tsawon rani zuciyata tana cikin tulun nan. In na buga waya na tambaya, sai ta ce ita ba ta gani har hanji, in bar ta ta huta.

Da aka yi ruwan shuka na farko ta aiko a kira ni, ta ce ba za ta fasa ba sai na zo. Na iso ƙasa tana ƙamshin jiƙa. Ta jawo tulun tsakar gida, ta yi bisimilla, ta ƙwanƙwashe lakar da bakin wuƙa. Ƙamshin ya taso kamar jiya aka rufe. Ta nutsa hannu har gwiwar hannu, ta daɗe tana lalube a ƙasa, inda gari kan taru in ƙwaro ya yi ɓarna. Ta fito da hannun ta buɗe. Wake ne sumul, fari da baƙin idonsa. Muka juye a faifai muka bushe tokar, masu huda ba su cika cokali ba.

Na yi tsalle kamar yarinya, na rungume ta, ta ture ni ta ce zan karya ta. Ta auna kwano guda ta ware, ta ce na Inna ne, a kai mata ta sa a shuka mata a bayan gida. Sannan ta ce in matso.

"Kawo bakin zanenki."

Na ce ai ni ba ni da gayauna, gidan haya nake a birni.

"Ki nemi tukunya ki shuka. Kawo."

Na miƙa. Ta ɗebo da hannu biyu ta zuba, ta ƙulle da kanta, ta ja ƙullin sau biyu don ya kama. Ba ta dube ni ba, ƙullin take kallo.

"Uwa ka ba ɗiya," in ji ta. "Ni kuwa na daɗe da haihuwa, ban lura ba."